Rubuta Jerin Haruffa a Harshen Ƙididdiga na R: Sunaye, Lambobi da Haruffan Hausa a Bayanan Madawa, Buza da Keita

Jerin haruffa shi ne duk wani rubutu da kwamfuta take adanawa yadda aka shigar da shi, harafi bayan harafi, ba tare da ta yi lissafi da shi ba. Sunan gari jerin haruffa ne, haka sunan kasuwa, sunan cuta, sunan itace, da amsar da magidanci ya ba mai tambaya. A aikin ƙididdiga an fi maida hankali kan alƙaluma, amma alƙaluma ba su tsayawa su kaɗai. Kowane adadi yana rataye ne da wani suna: buhu kaza na albasa a kasuwa kaza, yara kaza a ƙauye kaza. Idan sunan ya lalace, adadin ya rasa mazauni. Saboda haka sanin yadda ake ƙirƙirar jerin haruffa yana cikin darussan farko ga duk mai son sarrafa bayanai da harshen R.

R harshe ne na ba kwamfuta umarni, wanda aka gina musamman domin ƙididdiga da zana jadawali. Malamai biyu ne suka fara shi a jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand a farkon shekarun 1990, wato Ross Ihaka da Robert Gentleman. Sun ɗora shi ne a kan wani harshe mai suna S, wanda John Chambers da abokan aikinsa suka ƙirƙira a ɗakunan bincike na Bell a Amurka tun 1976. Cikakken bugu na farko ya fito ranar 29 ga Fabrairu, 2000. Kyauta ake sauke shi, kuma da zarar an girka shi yana aiki ba tare da intanet ba. Wannan ya sa ya dace da ɗalibi a jami'ar Tawa ko ma'aikacin gunduma da ba shi da kuɗin sayen manhaja mai tsada.

Gundumomin Madawa, Buza da Keita na jihar Tawa wurare ne da ake tara bayanai masu yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012, wadda cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta gudanar, ta nuna Madawa na da mutum sama da 500,000, Buza sama da 400,000, Keita kuma sama da 300,000. Ana bin farashin gero da dawa da wake a kasuwanni, ana lissafin albasar kwarin Tarka. Cibiyoyin lafiya suna aika rahoton wata-wata kan zazzaɓin cizon sauro da tamowa da rigakafi. A kwarin Majiya an fara dasa layukan dogon yaro domin kare iska tun 1975, a Keita kuma babban aikin farfaɗo da ƙasa ya soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, aka dasa miliyoyin itatuwa. Duk waɗannan ayyuka suna haifar da jadawali, kuma kowane jadawali yana da ginshiƙan sunaye kafin ginshiƙan alƙaluma.

Hanya ta farko ta ƙirƙirar jerin haruffa ita ce a saka rubutun tsakanin alamomin zance, ɗaya a farko, ɗaya a ƙarshe. Idan aka rubuta "Madawa" tsakanin alamomin nan, R zai karɓe shi a matsayin rubutu. Idan aka rubuta shi tsirara, R zai ɗauka sunan wani abu ne da aka riga aka ajiye a ƙwaƙwalwarsa, ya neme shi, ya rasa, ya ba da saƙon kuskure. Alamomin zancen kamar buhu ne da aka ɗaure bakinsa: R yana ɗaukarsa ya kai inda aka ce, bai buɗe ya taɓa abin da ke ciki. Domin a adana rubutun sai a ba shi suna. A rubuta kalma irin gari, a bi ta da ƴar kibiya mai nuni hagu, wadda ake haɗawa da alamar ƙasa-da da karan ɗori, sannan rubutun. Daga nan duk inda aka kira gari, Madawa ce za ta fito.

Alamar zance iri biyu R yake karɓa: tagwaya, mai ƴan sanduna biyu a sama, da tilo, mai ɗaya. Sakamakonsu ɗaya ne, sharaɗin kawai shi ne wadda ta buɗe ita za ta rufe. Idan aka manta ba a rufe ba, R zai nuna alamar tarawa a farkon layi yana jiran sauran rubutun, kuma duk umarnin da aka ƙara bugawa zai haɗiye shi a matsayin ci gaban zancen. Maganinsa a rufe alamar, ko a danna maɓallin Esc a sake farawa. Akwai kuma tarkon da ya shafi ƙasashe masu aiki da Faransanci. Manhajar Word tana mayar da alamar zance ta zama mai kusurwa biyu irin ta littattafan Faransanci, ko mai lanƙwasa irin ta ɗab'i. R bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Don haka ba a shirya umarni a cikin Word, sai a cikin RStudio ko wata manhajar rubutu tsantsa.

Ga mai aiki da Hausa, zaɓi tsakanin tagwaya da tilo ba na ado ba ne. Alamar tilo ita ce dai waƙafin saman da Hausa take nuna hamza da shi. Amsar da ta fi yawa a takardar tambayoyi, wato "a'a", tana ɗauke da shi a tsakiyarta. Haka jama'a, sana'a, ma'aikaci, Juma'a, da rubutun gwamnati na Birnin Ƙonni, wato Birni N'Konni. Idan aka buɗe "a'a" da alamar tilo, R zai ɗauka zancen ya ƙare bayan harafin farko, ragowar ta zame masa abin da bai gane ba. Saboda haka ƙa'ida mai sauƙi ita ce a riƙa amfani da tagwaya kullum. Matsalar tana sake fitowa wajen karanta fayil. Umarnin read.table, idan ba a gyara masa ba, yana ɗaukar alamomin biyu duka a matsayin buɗe zance, sai waƙafin sama guda ɗaya a sunan ƙauye ya sa ya dunƙule layuka masu yawa wuri ɗaya. Umarnin read.csv kuwa tagwaya kaɗai yake kula da ita, shi ya sa ya fi aminci ga sunayen Hausa.

Wani lokaci rubutun kansa yana ɗauke da alamar zance tagwaya, misali idan ana adana maganar manomi yadda ya faɗe ta. A nan ake amfani da sanda mai karkata baya. Idan ta zo gaban wata alama, tana sanar da R cewa alamar na cikin rubutun ce, ba ƙarshensa ba. Sandar tana da wasu ayyukan: idan harafin n ya biyo ta, ana nufin sabon layi, idan t ne, ana nufin tsallake zuwa gurbi na gaba. Tunda tana da wannan matsayi, duk mai son rubuta ita kanta dole ya rubuta ta sau biyu. Wannan ne ya sa adireshin fayil na Windows, wanda yake cike da irin wannan sanda, yake yawan ba da kuskure. Ana iya ninka kowace sanda, ko a musanya ta da mai karkata gaba. Tun daga bugu na 4.0.0 da ya fito a Afrilun 2020 an ƙara wata mafitar, wato ɗanyen rubutu: a sa ƙaramin harafin r gaban alamar zance, a kewaye rubutun da baka biyu, sai R ya bar duk abin da ke ciki yadda yake.

Ba kasafai ake aiki da suna guda ba. An gina R ne a kan sahu, wato abubuwa iri ɗaya da aka jera a jere. Umarnin da ake kira c shi ne yake haɗa su. Ƙananan hukumomin Keita guda 4 ne: Keita, Tamaské, Ibohamane da Garhanga. Idan aka saka kowane suna cikin tasa alamar zance, aka raba su da waƙafi, aka miƙa wa c, an sami sahu mai abu 4. Umarnin length yana ƙirga abubuwan da ke cikin sahu, zai ce 4. Umarnin nchar kuwa haruffan kowane suna yake ƙirgawa, zai ce 5, 7, 9 da 8. Sabon shiga yakan rikita su biyun. Kuma idan aka zuba sunayen duka cikin alamar zance guda, abu ɗaya aka samu mai tsawo, ba huɗu ba.

Sahu yana da doka mai tsauri: duk abin da ke cikinsa iri ɗaya ne. Idan aka haɗa alƙaluma da rubutu, rubutu ne yake rinjaye. A ce ana shigar da farashin tiyar gero na mako-mako, ranar da hatsi bai shigo kasuwa ba magatakarda ya rubuta kalmar "babu". Wannan kalma ɗaya za ta mayar da dukan ginshiƙin ya zama rubutu. A ido alƙaluma ne, amma ba za a iya tara su ko fitar da matsakaicinsu ba. Jerawarsu ma takan birkice, domin rubutu harafi-harafi ake gwada shi, sai 10 ta zo kafin 9 saboda ta fara da 1. Waƙafin Faransanci ma yana jawo haka. A Nijar ana rubuta goma sha biyu da rabi da waƙafi, 12,5, alhali R aya ya sani. Sai ya ɗauke shi rubutu, kuma idan aka tilasta masa mayar da shi adadi da as.numeric, ya ce babu bayani. Umarnin read.csv2 an yi shi ne domin irin waɗannan fayiloli masu waƙafi a cikin adadi da waƙafi mai ruwa tsakanin ginshiƙai.

Akasin haka ma yana faruwa. Akwai abubuwan da aka rubuta da alƙaluma amma sunaye ne. Lambar gida a bincike, lambar katin mara lafiya, lambar waya, duk ba a tara su ko a raba su. Idan aka bar R ya karanta lambar gida 007 a matsayin adadi, zai zubar da sifilan gaba ta koma 7, ta daina dacewa da takardar da aka cika a ƙauye. Lambar waya mai farawa da alamar tarawa da 227 za ta rasa alamarta. Gwajin mai sauƙi ne: idan tara abu biyu ba ya ba da ma'ana, to rubutu ne, kuma tun wajen karanta fayil ake gaya wa R haka ta hanyar zaɓin colClasses.

Akwai abubuwa uku masu kama da juna da ya kamata a rarrabe. Na farko rubutu ne fanko, alamomin zance biyu ba komai a tsakani. Rubutu ne, amma haruffansa sifili. Na biyu shi ne NA, alamar da R yake nuna cewa ba a san amsar ba. Na uku sahu ne da ba shi da ko abu ɗaya. Bambancin yana da nauyi a aikin lafiya da na noma. Uwar da aka tambaya ta ce yaronta bai yi zazzaɓi ba, daban take da wadda ba a same ta gida ba. Ta farko amsarta "a'a", ta biyu NA. Idan aka gauraya su, kason masu cutar zai fito ƙasa da gaskiya. Haka kuma R yana ɗaukar manyan haruffan N da A, idan su kaɗai ne a gurbi, a matsayin rashin bayani, abin da ya sa lambar ƙasar Namibiya take ɓacewa a jadawalin ƙasashe idan ba a kula ba.

Hanya ta biyu ta ƙirƙirar jerin haruffa ita ce haɗa guntaye. Umarnin paste yana ɗaukar guntaye biyu ko fiye ya manne su, yana sa tazara a tsakani. Ana iya sauya tazarar da karan ɗori ko wata alama ta zaɓin sep. Ɗan'uwansa paste0, wanda aka ƙara a 2012, ba ya sa komai. Amfaninsu a bayyane yake a ƙasar Adar da Gobir, inda ƙauyuka da yawa suke da suna ɗaya: Sabon Gari, Tudun Wada, da tarin Gidan wane da Zangon wane. Suna kaɗai ba ya bambanta su. Idan aka haɗa gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye, sai a sami makulli guda da ba ya maimaituwa, wanda za a iya gwada shi da kundin garuruwa na ƙasa, RENALOC, da INS ta fitar bayan ƙidayar 2012.

Ƙarfin paste yana cikin yadda yake bin sahu gaba ɗaya. Idan aka ba shi kalmar "gida" da alƙaluma daga 1 zuwa 40, zai maimaita kalmar ya fitar da sunaye 40 a bugu ɗaya. Zaɓin collapse kuma yana dunƙule sahu ya zama jimla ɗaya. Ƙananan hukumomin Buza guda 7, wato Bouza, Allakaye, Babankatami, Déoulé, Karofane, Tabotaki da Tama a rubutun gwamnati, za su koma layi ɗaya da waƙafi a tsakaninsu, a shirye domin rahoto. Abin lura shi ne paste yana mayar da NA ta zama rubutu na sosai, sai a ga "Buza NA" a matsayin sunan wuri. Umarnin str_c na ƙunshin stringr, wanda Hadley Wickham ya rubuta, ya bi wata hanyar: idan guntu ɗaya ba a san shi ba, sakamakon duka ba a san shi ba.

Hanya ta uku ita ce cika gurbi. Umarnin sprintf, wanda aka aro daga harshen C, yana karɓar jimla mai guraben da aka yi wa alama da alamar kashi-cikin-ɗari. Gurbin da aka sa wa s rubutu yake jira, na d cikakken adadi, na f adadi mai ɓurɓushi. Ana iya faɗa masa faɗin gurbin da abin da zai cike shi da shi, ta haka 7 take komawa 007, ko a taƙaita adadi mai dogon wutsiya zuwa lamba ɗaya bayan aya. Da jimla guda irin "A kasuwar kaza, tiyar gero ta kai sefa kaza" ana fitar da saƙo ga kowace kasuwa a jadawalin, wanda za a iya turawa ta waya ko a karanta a gidan rediyon karkara. Akwai tarko ɗaya a nan. Idan aka mayar da 100000 rubutu kai tsaye, R yakan taƙaita shi da salon masana kimiyya ya rubuta 1e+05. Ɗan kasuwar da ya sayar da albasar jaka ɗari ba zai gane wannan ba. Umarnin format, idan aka gaya masa, yana hana taƙaitawar, yana kuma raba dubbai da tazara yadda aka saba a Nijar.

Sai batun haruffan Hausa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙa'idojin rubuta harsunan ƙasa da Nijar ta fitar a 1999 sun tabbatar da su huɗun, alhali a Najeriya ana rubuta na ƙarshen da waƙafin sama da y. Ba a iya yin watsi da su, domin baki daban, baƙi daban. Kafa daban, ƙafa daban. Kwamfuta lamba take adanawa a madadin kowane harafi, kuma tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kusan kowane harafi na duniya lambarsa. Ta ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ kuma 01B4. Wanda madanninsa ba shi da waɗannan haruffa yana iya rubuta sanda mai karkata baya, da ƙaramin u, da lambar, a cikin alamar zance, R ya fitar masa da harafin. Manyansu ma suna da nasu lambobin: 0181, 018A, 0198 da 01B3.

Lambar harafi daban ce da yadda ake zuba ta a fayil. Tsarin zubin da ya game duniya yanzu shi ne UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinsa harafi irin a ko k yana cin bayit ɗaya, ƙ kuma biyu, don haka kalmar ƙasa haruffa 4 ce amma bayit 5. Tsohon tsarin Turai ta Yamma da kwamfutoci masu Faransanci suka daɗe a kansa yana da é da ï, amma ba shi da ko ɗaya daga haruffa masu lanƙwasa. Idan aka adana fayil da shi, sukan koma alamar tambaya, kuma ba su dawowa. Idan kuwa fayil ɗin UTF-8 ne aka karanta shi da tsohon tsarin, harafin ƙarshe na Tamaské zai rabe ya zama baƙaƙe biyu marasa ma'ana. Wannan kam yana gyaruwa idan aka sake karantawa da tsarin da ya dace. Shekaru da dama R a kan Windows ya sha wahala da wannan, har zuwa bugu na 4.2.0 na Afrilun 2022 da ya koma UTF-8 a kan sababbin Windows. Tsarin UTF-8 ɗin ne kuma yake ɗaukar haruffan Fulatanci da na Tamajak, da rubutun Tifinag, da ajami, waɗanda duk ake buƙata a yankin da Hausawa da Buzaye da Fulani suke zaune tare.

Bayan an ƙirƙiri rubutu sai gwada shi da wani. R yana cewa rubutu biyu ɗaya ne kawai idan kowane harafi ya dace da takwaransa. Madaoua da Madawa wurare biyu ne a wurinsa. Haka Bouza da Buza, Sabon Guida da Sabon Gida, Keita da Keïta mai ɗigo biyu. Babban harafi daban yake da ƙarami, kuma tazara ɗaya da ta maƙale a ƙarshen suna, wadda ido ba ya gani, ta isa ta raba su. Sakamakon shi ne ƙaramar hukuma ɗaya ta tsage gida uku a jadawali, kowane gida da guntun adadinsa, ko kuma a haɗa bayanan lafiya da na yawan jama'a wasu ƙauyuka su zube ba a sani ba. Gundumar Madawa ƙananan hukumomi 6 gare ta: Madaoua, Azarori, Bangui, Galma Koudawatché, Ourno da Sabon Guida. Idan umarnin unique ko table ya nuna 9, to rubutu ne ya sami matsala, kuma nan ya kamata a tsaya kafin a ci gaba da lissafi.

Kayan gyaran suna nan a cikin R. Umarnin trimws yana share tazarar gefe. Umarnin tolower da toupper suna daidaita girman haruffa. Umarnin gsub yana neman wani guntu ya musanya shi da wani, chartr kuma yana musanya harafi da harafi. Akwai umarnin da suke kankare duk wata alama daga kan haruffa a bugu ɗaya. Suna da amfani ga é na Faransanci, amma suna iya lalata haruffa masu lanƙwasa, don haka ana zaɓar haruffan da za a taɓa ɗaya bayan ɗaya. Hanyar da ta fi dorewa ita ce a gina ƙaramin jadawali mai ginshiƙi biyu, ɗaya da kowane salon rubutu da aka ci karo da shi, ɗaya da sunan da aka amince da shi. Ginshiƙin asali kuma ba a goge shi, domin a iya komawa gare shi idan gardama ta taso. Mafi kyau ma a toshe ƙofar tun daga fili: manhajojin tara bayanai ta waya irin KoboToolbox da ODK suna bari a shirya sunayen ƙauyuka a jere, mai tambaya ya zaɓa maimakon ya buga da hannu.

Idan rubutu yana da amsoshi ƙayyadaddu da ake son su bi wani tsari, ana mayar da shi rukuni da umarnin factor. Ranakun kasuwa misali ne mai kyau. Idan aka bar R ya jera su, zai bi haruffa: Alhamis, Asabar, Juma'a, Lahadi, Laraba, Litinin, Talata. Da factor ana faɗa masa tsarin mako na gaskiya, sai jadawali da zane su bi shi. Sunayen watanni da suke cikin R na Ingilishi ne, haka jerin haruffansa 26, don haka mai son rahoto da Hausa yakan rubuta nasa sahun daga Janairu zuwa Disamba ya ajiye. Kafin bugu na 4.0.0, R yana mayar da duk rubutun da ya karanta daga fayil rukuni ba tare da an ce masa ba; daga bugun nan ya daina. Wannan ne dalilin da tsofaffin umarni da aka gada a ofis sukan ba da sakamako daban a sabuwar kwamfuta.

Mataki na ƙarshe shi ne fitar da rubutun. Umarnin print yana nuna shi yadda R yake riƙe da shi, da alamomin zance da sandunansa, wanda yake taimakawa wajen gano ɓoyayyar tazara. Umarnin cat da writeLines suna nuna shi yadda mai karatu zai gan shi, sabon layi ya zama sabon layi. Wajen adana fayil ana bayyana cewa UTF-8 ake so, sannan a buɗe shi a wata kwamfutar a tabbata ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun isa lafiya.

Ƙa'idojin aikin ba su da yawa. Rubutu yana shiga tsakanin alamar zance tagwaya. Lambar da suna ce ana karanta ta a matsayin rubutu, adadi kuma ba a cakuɗa shi da kalma. Rashin bayani NA ne, ba fanko ba, ba "babu" ba. Dogayen sunaye da saƙonni ana gina su da paste da sprintf maimakon bugawa da hannu. Fayil yana shiga da UTF-8, yana fita da UTF-8. Kowane wuri yana da suna ɗaya da aka amince da shi, kuma ana ƙirga sunayen kafin a ƙirga mutane. Da waɗannan ne adadin yaran da aka yi wa rigakafi a Ourno, da farashin gero a Tamaské, da itatuwan da suka rayu a Karofane suke isa Tawa da Yamai kowanne a ƙarƙashin sunan wurinsa.